LASIN GIYA: WA KE KARƁA, WA KE SHAN BULALA?

Jama'a, yau za mu taɓa wata magana wadda jaridun masu mulki ba su son taɓawa, watau maganar giya da lasin sayar da ita. Mun san wasu daga cikin masu karatunmu za su ce ina ruwan mai auna gero da gidan giya, ina ruwan mai tsoron Allah da dokar mashaya. Muna roƙo ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, ko ku sa yaro ya karanta muku bayan an rufe rumfa, gama abin ya fi kusa da aljihunku bisa ga yadda kuke zato.

Cikin watan jiya wata mata ta zo ofishin jam'iyya da kuka. Sana'arta tuwo da farfesun kan saniya, tana kasa tukwanenta a bakin wani gidan giya cikin unguwar baƙi ta wani gari, don nan ne ciniki yake da dare. Ran nan aka zo kame. Mai gidan giyar ya sami labari tun da la'asar, ya kulle ƙofarsa ya yi tafiyarsa. Ita kuwa da ba ta da mai tsegunta mata, aka kwashe tukwane da kwanoni da bencina aka loda a mota. Ta kwana 9 tana zirga-zirga, aka ce ta kawo kuɗi, ta ciwo bashi ta kai, ba a ba ta rasit ba, tukunya biyu kuma ba su dawo ba har yau. Muka tambaye ta wane laifi aka rubuta mata, ta ce ba a rubuta kome ba. Ran da ta koma wurin sana'arta ta tarar da gidan giyar a buɗe, ana kiɗa.

Kafin 'yan koren masu mulki su ɗauki maganarmu su juya ta, bari mu faɗi inda muka tsaya. Ba mu kiran kowa ga shan giya. Musulunci ya haramta ta, mafi yawan 'yan jam'iyyar nan kuwa Musulmi ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin magidanci ya shanye albashinsa ran 3 ga wata ba ya bukatar wa'azi a kan sharrinta. Za a ce ai mai rubuta musu jarida ɗan makarantar Mishan ne, shi ya sa. Gaskiya ne a makarantar Mishan aka koya wa mai riƙe da alƙalamin nan karatu, amma a can yaron da aka ji wa warin burkutu ran nan zai naɗe tabarmarsa. Tun zamanin Turawa ma limaman Mishan irin su Bishop Tugwell suna kan gaba wajen yaƙi da fataucin barasa, har aka aiko da kwamitin bincike daga Ingila a 1909. Kwamitin ya zagaya ya dawo ya ce bai ga wata ɓarna mai yawa ba. To, yaya zai gani, alhali kuwa kuɗin fiton barasar ne babban abin da ke cika baitulmalin Gwamnatin Kudu a lokacin?

Daga nan ne tushen abin, don haka sai mun koma baya kaɗan. A 1890 manyan ƙasashen wancan zamani suka taru a Burasal, babban birnin Beljiyam, suka sa hannu a kan alkawari cewa a Afirka duk inda barasar Turai ba ta riga ta kama ba, ko don addini ko don wani dalili, kada a shigar da ita. Da Gwamna Lugga ya kafa mulkin Turawa a Arewa a 1900 sai ya tsaya a kan wannan, ya hana sayar wa 'yan ƙasa barasa, sarakuna kuwa suka ji daɗin haka. Amma Arewa ba ta iya riƙe kanta da kuɗinta a shekarun nan, sai ana cika mata daga Ingila da kuma daga Kudu, kuɗin Kudu kuwa mun faɗi inda yake fitowa. Aka haɗe ƙasar a 1914. A 1917 aka yi Dokar Giya wadda ta kasa ƙasar kashi uku, da inda aka hana, da inda aka taƙaita, da inda ake ba da lasin. Arewa ta faɗa cikin inda aka hana, sai dai hanin yana da ƙofofi. Bature yana shan tasa a gidansa da kulob ɗinsa. Akawu ɗan Kudu ko ɗan Saliyo ko ɗan Gwalkwas yana iya neman takardar izini. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, an yanka Sabon Gari a 1913, kwalabe suna hawowa a ɓoye cikin kaya. Wanda ake kamawa a ci tara ko a ɗaure shi ne talakan da ba shi da takarda. Watau tun ran farko dokar nan tana duba fuskar mutum kafin ta duba kwalbar da ke hannunsa.

Duk da haka akwai abu guda a tsohon tsarin nan da ya kamata ku sani, don yawancinmu muna jin kalmar lasin ba mu san abin da ke cikinta ba. Muna zaton lasin izini ne kurum. Alhali kuwa rabinsa izini ne, rabinsa takunkumi. Dokar ta rarraba shi iri iri: akwai na kantin da ake saye a tafi da ita gida, akwai na mashayar da ake zama a sha, akwai na otal, da na kulob, da na mai sari, har da na tashar jirgin ƙasa da na wucin gadi don ranar wani taro. Mai lasin saye a tafi, in ya ajiye benci mutane suka zauna suna sha, ya karya doka. Kowane lasin na mutum guda ne a gida guda, kuma na shekara guda, in ta ƙare sai a sake nema. An yanka lokacin buɗewa da na rufewa. An hana sayar wa yaro, an hana ƙara wa wanda ya riga ya bugu, an hana shayar da ɗan sanda yana bakin aiki, an hana mai gida ya bar caca ko faɗa ko karuwanci a wurinsa. Mafi girma duka, kafin a ba da lasin hukuma tana zama, kuma akwai ikon a kawo suka, a ce wurin nan bai dace ba ko mutumin nan ba shi da halin kirki. Wanda ya yi ta saɓa sharuɗɗa sai a karɓe takardarsa. Ba yabon Nasara muke yi ba, shi ma don kuɗinsa da zaman lafiyar barikinsa ya tsara haka. Amma a ƙarƙashin tsarin mai sayarwa yana da abin da yake tsoron rasawa, maƙwabci kuma yana da inda zai kai kukansa.

Giyar gargajiya, watau burkutu da fito da bammi, ita aka bari a hannun En'e da hukumomin garuruwa. A ƙasashen da ba Musulmi ba kamar Filato da kudancin Lardin Zazzau, burkutu yana cikin aikin gayya da biki da makoki, kuma mata ne ke dafa shi da dawa, da kuɗinsa suke biyan kuɗin makaranta har yau. Wajen 1930, da aka tsawwala kuɗin fiton barasar Turai kuma kasuwar duniya ta faɗi, sai mutanen Kudu suka shiga tace tasu a ɓoye, ita ce ake kira ogogoro. Gwamnati ta yi ta kame shekara da shekaru ba ta iya kashe ta ba.

Da mulkin kai ya ƙarato, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi babbar dokar laifuffuka a 1959, ta fara aiki a 1960. A cikinta sashe na 403 ya ce Musulmin da ya sha abin da ke da barasa, in ba don magani ba, ana iya ɗaure shi har wata 1 ko a ci shi tarar fam 5, ko duka biyu, kuma alƙali yana iya ƙara masa bulalar haddi, irin wadda aka tsara don kunyatarwa, mai bugu ba ya ɗaga hannu sama da kafaɗa. Shekara 3 bayan haka, a 1963, kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe ma'aikatar giya a Kakuri cikin Kaduna, hedkwatar Gwamnatin da ta yi dokar. Dattawanmu da suka ga zamanin suna nan da ransu, ku tambaye su ko sun taɓa jin an kwantar da wani minista ko wani babban ma'aikaci an yi masa haddi, ko kuwa duk cikinsu ba wanda ya taɓa leƙa kulob. Ku tambaye su kuma yadda aka yi amfani da 'yan doka da kotunan En'e a kan 'yan NEPU, mutanen Malam Aminu Kano. Dokar da mai iko ke zaɓen wanda zai ɗora wa, sanda ce a hannunsa, ran da ya ga dama kuwa kan ɗan hamayya za ta sauka. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa maganar ta shafe mu.

Yanzu mu zo ga zamaninmu. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya sa ba da lasin giya da kula da sayar da ita cikin aikinsu, tare da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da gidajen abinci. Dokar 1998 wadda ta rarraba haraji tsakanin Gwamnatoci ita ma ta sa kuɗin lasin giya a kason ƙaramar hukuma. Sa'an nan a Oktoban 1999 Gwamna Ahmed Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki a Zamfara a Janairun 2000, jihohi suka bi har suka kai 12. A dokokin Shari'a haddin Musulmin da ya sha giya bulala 80 ne, bisa mazhabar Malikiyya. Kano ta ƙaddamar da tata a 2000, ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, a 2004 kuma Majalisar Dokokinta ta ƙara da dokar da ta hana giya ga kowa da kowa a jihar, da tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 1. Talakawa sun yi murna, kuma da zuciya ɗaya suka yi ta, don sun zaci an zo ƙarshen zamanin da doka ke tsoron mai babbar riga. Ba mu yi musu dariya ba a lokacin, ba kuma za mu yi yanzu ba.

Amma mu duba abin da ya biyo baya. A Nuwamban 2013 Hisba ta Kano ta farfasa kwalaben giya wajen 240,000 a bainar jama'a. A Nuwamban 2020 ta farfasa 1,975,000. A Fabrairun 2022 aka murƙushe fiye da miliyan 3 da dubu 800. Ana shelanta waɗannan lambobi da alfahari, mu kuwa da muka ɗan taɓa lissafi sai muka ga wani abu dabam a ciki. In bayan shekara 18 da hani abin da ake kamawa sai ƙaruwa yake yi, to, ashe masu saye ba su ragu ba, kuma abin da ke wucewa ba a kama ba Allah kaɗai ya san yawansa. Kowa a Kano ya san ana sayar da giya a Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Fagge, a fili ba a ɓoye ba. Kowa ya san kasuwar mami ta barikin soja, inda ƙasar ta Gwamnatin Tarayya ce, ma'aikacin jiha ba ya shiga kame. Ma'aikatar da ta yi giyar an riga an biya ta kuɗinta kafin mota ta tashi. Mai shan da ke da hali, yaronsa ne ke kai masa gida cikin bayan mota mai baƙin gilashi. To, wa ya rage a tsakiya? Direban babbar mota da yaran motarsa, waɗanda yau giya aka loda musu, gobe siminti, da 'yan dako masu saukewa, da ƙaramin ɗan kasuwar da ya ci bashi ya yi sari, da irin matar nan mai tuwo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ruɗanin ba a Kano kaɗai ya tsaya ba. A Disamban 2023 aka sanar da sunan hukumar lasin giya ta Jihar Neja cewa za a hana sayar da giya a Suleja daga farkon sabuwar shekara. Kwana kaɗan bayan haka Gwamna Umaru Bago ya fito ya ce shi bai ba da wannan umarni ba. Ku dubi halin mai kanti a kwanakin nan na tsakani: ya rufe ne, ko ya karyar da kayansa, ko ya jira? Ku dubi kuma halin maƙwabcinsa da ya yi murna, ya kwana yana godiya, gari ya waye aka ce ba haka ba ne. In hukuma da Gwamnanta ba su san abin da dokarsu ta ce ba, talaka ne zai sani?

A nan ne muke son 'yan kasuwa su buɗe kunne. Gidan da doka ta hana a takarda amma aka bar shi a buɗe, ba kyauta aka bar shi ba. Wani yana karɓa. Tun da ba lasin, ba kuma rasit, kuɗin ba ya shiga asusun da za a yi wa kwatar kasuwa gyara ko a sayi magani a asibitin unguwa, aljihu yake shiga, mako mako, daga ƙaramin mai kaki har wanda ya tura shi. Mai gidan giya kuwa da ya biya toshiyar baki ya sayi 'yanci daga duk sharuɗɗan nan da muka lissafa a sama. Ba shi da lokacin rufewa, yana iya kaiwa asuba da kiɗa. Ba ya tsoron sayar wa ɗan shekara 14. Yana iya buɗe ƙofarsa tana kallon ƙofar makarantar firamare, ko bayan masallaci, ko jikin coci. In mai unguwa ya yi magana sai a ce masa ai a hukumance babu gidan giya a nan, me za a rufe? Mun ga wannan amsa da idonmu a takardar da aka mayar wa wasu mazauna unguwa da muka taimaka wa rubuta koke. Hannun da ya saba karɓa ba rasit a wurin mai giya ran Asabar da dare, shi ne ke zuwa rumfarku ran Litinin da safe yana neman kuɗin shara da kuɗin allo da kuɗin da ba shi da suna. A can ya koyi cewa ba mai tambayarsa.

Akwai kuma maganar da ake yi mana gori da ita daga Kudu, gara mu faɗe ta da bakinmu. Tun 1994 ake karɓar harajin ciniki wanda ake kira VAT, da farko kashi 5 cikin 100, daga Fabrairun 2020 ya koma 7 da rabi. Ana karɓarsa a kan giya kamar yadda ake karɓa a kan sabulu, a zuba tukunya guda a Abuja a raba. Shekara da shekaru rabon shi ne Tarayya 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35, dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 kuma suka mai da shi 10 da 55 da 35. Kuɗin fiton da ake ɗora wa giyar da ake yi cikin ƙasa shi ma asusun Tarayya yake shiga. A Agustan 2021, lokacin da Jihar Ribas ta yi nasara a Babbar Kotun Tarayya ta Fatakwal a kan wa ke da ikon karɓar harajin nan, ba irin baƙar maganar da ba a yi mana ba, wai muna fasa kwalba muna cin kuɗin kwalba. Gorin bai cika adalci ba, gama hatsi da doya da tumatir da shanun da Arewa ke ciyar da ƙasa da su ba a ɗora musu wannan haraji, don haka gumin manominmu ba ya fitowa a lissafin. Amma a kan Gwamnoninmu gorin ya zauna daidai. Ba mu ji wanda ya sa akantansa ya ware kason giya ya mayar ba. An ƙi cin biri an ci dila, abin da ake yi ke nan tun kafin 1914, sai dai a da Bature ne ke yi, bai kuwa taɓa cewa don Allah yake yi ba.

Ana can ana murƙushe manyan kwalabe a gaban masu ɗaukar hoto, abin da ke cin 'ya'yanmu ya riga ya sake kama. A Mayun 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan gidan rediyon BBC ya nuna yadda samari da 'yan mata, har da matan aure, ke shansa a Kano da wasu garuruwa. Wannan ba ya wari, ba ya bukatar mashaya. Sai kuma barasar leda, mai arha, wadda yaro ke iya sawa a aljihun wandon makaranta, direba kuma ya tsotsa a tasha kafin ya ɗebi rayuka 18 a mota. A 2018 hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu ma'aikatu cewa cikin shekara 5 za a daina zuba barasa a leda da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Ta fara kame a Fabrairun 2024, masu ma'aikatu suka tayar da ƙura, aka ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Ku lura da wannan: mai ma'aikata an ba shi shekara 5, aka ƙara masa wajen 2. Mai tuwo ba a ba ta ko minti 5 ta sauke tukunya daga murhu ba. Kada kuma mu manta da 2015, lokacin da ogogoro mai guba ta kashe mutane gommai a jihohin Ondo da Ribas. Abin da ake dafawa a ɓoye ba mai aunawa, ba mai dubawa, sai an ga gawa.

To, me muke nema? Ba mu ce a buɗe gidan giya a cikin birnin Kano ko Sakkwato ko Katsina ba, kuma duk wanda ya ce mun faɗi haka ƙarya yake yi. Jama'ar da ta ce ba ta so a unguwarta, hakkinta ne, a kuwa tsare mata shi da gaske. Inda aka hana, a hana har otal ɗin da manyan baƙin Gwamnati ke sauka, har gidan hutun manya, a fara kame daga can a gangaro. In kuwa akwai unguwar da Gwamnati ta san ba za ta rufe ba, saboda mazaunanta ba Musulmi ba ne kuma 'yan ƙasa ne masu hakki kamar kowa, to, ta daina wasan ɓuya. Ta kai maganar Majalisa a yi ta a fili, a ja iyaka a takarda titi titi, a ba da lasin mai sharuɗɗa, a yanka nisan da za a bari tsakanin mashaya da makaranta da wurin ibada da tashar mota, a yanka lokacin rufewa, a hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Zaman ba da lasin a yi shi sau ɗaya a shekara a zauren ƙaramar hukuma, ƙofa a buɗe, a kafa sunayen masu nema tun da wuri, don liman da fasto da mai unguwa da uwar 'ya'ya su sami damar tashi su ce ba su yarda ba. Gwamnati ta zaɓi ɗaya daga cikin biyun nan. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne na ukun da ake ciki, wanda ba ya amfanin kowa sai mai karɓa.

Sa'an nan duk kayan da aka kama, ko giya ne ko tukunya, a rubuta su a gaban mai su, a ba shi kwafi, a kai shi gaban alƙali cikin lokacin da tsarin mulki ya yanka, kada kuma a fasa kome ko a sayar sai da umarnin kotu. Ai Shari'ar da ake kira da sunanta ba ta yarda a hukunta mutum ba shaida ba, ba ta kuma halatta wa mai kame ya ci dukiyar wanda ya kama ba. A buga dokar kowace jiha da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar kasuwa da tasha, a rubuta kuɗin kowane lasin da kowace tara a jiki. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 a riƙa ba su kai tsaye, Gwamnoni su cire hannu. Madalla. Amma shugaban ƙaramar hukumar da ke neman 'yancin asusunsa daga Gwamna, sai shi ma ya yarda ya karanta mana abin da ya shiga asusun, har da na lasin giya in yana karɓa, in kuma ba ya karɓa ya gaya mana wa ke karɓa a madadinsa.

Muna umurtar sakatarorin rassa su buɗe littafi daga wannan mako. Duk ɗan jam'iyya ko ɗan kasuwar da aka kwashe wa kaya a irin wannan kame, ko aka karɓi kuɗinsa ba rasit, ya je ya ba da rana da wuri da abin da aka ɗauka da nawa ya biya. Wanda ke da rasit ya kawo a kwafa a mayar masa. Mazauna unguwar da mashaya ta hana su barci, ko take sayar wa yaransu, su ma su zo, za a rubuta musu koke kyauta, kada kowa ya ba akawu ko kwabo. Ba za mu buga sunan kowa ba sai da yardarsa. In littattafan sun cika za mu miƙa wa wakilanmu su karanta a zauren majalisa, mu kuma buga jimlar a wannan shafi. Matar nan mai tuwo ita aka fara rubutawa, reshen mata kuma ya haɗa mata kuɗin tukunya ɗaya, saura ɗaya.